Ɗigon Tawada

A bangon ma'aikatar noma a Tawa
na ga taswira, tsufa ya yi mata jirwaye.
Na bi ta da yatsa, na gangaro daga Keita,
sai ga garinmu: ɗigon tawada,
ƙuda ma ya fi shi girma.
An rubuta sunan da bakin Nasara,
sau uku na karanta ban gane gida ba.

Mushe mai taswira, jawo kujera
in faɗa maka abin da alƙalaminka ya tsallake.

Gabas da mu dutse ne, ba mai tsini ba,
shimfiɗaɗɗe kamar faifan da aka kife,
jan dutse mai cin takalmi.
Can kakanmu Hankurau ya fara kwana
shekarar da mahara suka kore shi daga fadama,
da jaki guda, da gatari, da Tasalla
tana ɗauke da cikin wata bakwai.
Ka ce me ya kai mai ciki kan dutse?
Doki ba ya hawa inda akuya ke tuntuɓe.

Har yau in ka hau za ka ga kufai,
da'irar duwatsu inda rumbuna suka tsaya,
da kashin maƙera baƙi ƙirin
inda aka dafa tama ta zama ƙarfe.
Yaranmu na harbin kurciya da shi,
ba su san hauyar kakansu nan ta fito ba.

Ƙishirwa ta sauko da mu, ba sarki ba.
Rijiyar fari gaba ashirin da biyu,
Nomau ya haƙa ta, ya bar yatsu biyu a ciki.
Dubi itacen bakinta, igiya ta yi masa zane
kamar tsagar fuskar tsohuwa.
Ruwanta da ɗan zartsi.
Baƙo ya kurɓa ya yamutsa fuska, mu kuwa
in mun sha na famfo a Yamai sai mu ji lami.

Ƙoramarmu ba ta da kunya.
Wata tara tana barci, yara na ƙwallo a cikinta,
dare ɗaya ta farka ta ɗauke gonar Ɗan Jimma
ta kai wa mutanen gangare kyauta.
Ita ta koya mana jera duwatsu,
mata da tasa a ka, maza da diga,
muka tona ramuka a faƙo,
muka zuba taki tafi-tafi,
har gero ya tsaya inda gara ma ta ƙi zama.

Akwai gawo a yamma wanda ba a sara.
Liman ya ce camfi ne, muka ce to.
Amma da ya rasa itacen rufin masallaci
Tawa ya aika aka sayo.

In kaka ta wuce garin ramewa yake.
Motar Abijan ta kwashe samari
ta bar mana tsofaffi da masu goyo.
Su dawo da rediyo, da kwanon rufi,
da kalmomin da ba mu san kansu ba.
Wasu ba sa dawowa,
sai dai a raɗa wa jariri sunansu.
Ƙanena Alhu na cikinsu.
Ɗana na biyu Alhu ne,
Inna ba ta kiran sa da suna, sai ta ce Matafiyi.

To mushe, ban ce ka ƙara wa ɗigon girma ba,
takarda ba ta da wurin rijiya da gawo.
Sunan kawai za ka gyara: Dogon Marke.
Kada ka je neman marken,
ya faɗi tun ina goye.
Turmin gidanmu daga jikinsa aka sassaƙa,
kuma da asuba, in iska ta juyo daga dutse,
kana jin maganarsa har bakin hanya.