Bayan Wuya

Sun ce bayan wuya sai daɗi.
Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a rumfata ba,
nan Agege, gefen titin jirgi,
inda na yi shekara talatin da huɗu a sunkuye
ina yi wa wuyan rigunan mutane ado.
Aska biyu, aska takwas, tambari,
na zuba wa alhazan Zango,
na zuba wa Yarabawa masu zuwa biki ranar Asabar,
kowa ya sa tasa, ya ɗaga kai, ya tafi.
Ni bayan wuyana sai zogi.

Da farko ƙara ce kawai,
in na waiwaya, kamar an taka tsakuwa.
Asabe ta ce matashi ne, ta sake mini matashi.
Ta ce sanyin damina ne, ta dafa citta.
Wanzami ya zo ya kafa ƙaho uku,
ya tafi da jinina da kuɗina,
ciwon yana zaune yana kallonmu.

Sai wata Laraba allura ta faɗi.
Ban ji fitarta ba.
Babban yatsa da manuni,
waɗanda suka ciyar da gidana,
sun koma kamar na aro.
Tururuwa na sauka daga kafaɗa zuwa farce,
ba mai ganinta, ba mai kaɗe ta.

A Igbobi, Likita Adebimpe ta ɗaga hoto ga fitila.
Ga ƙasusuwa bakwai, wani bisa wani,
tsakanin kowane biyu ɗan gammo
da Allah ya naɗa tun ina ciki.
Na biyar da na shida, in ji ta, gammonsu ya bushe,
ya lotse, ƙashi ya matso ƙashi,
jijiya a tsakani
kamar fasinjan tsakiya a danfo.
Na ce, to a sa sabo mana.
Ta yi murmushi, ta ce, Baba,
ai ba a kasuwar Ladipo muke ba.

Ta ba ni ƙwayoyi, ta koya mini jan haɓa,
ta ɗaura mini kwala ta soso,
fara fat, ba ko silin zare.
Ni da ba na barin wuyan riga ya fita tsirara.

Daga nan har gida ban leƙa taga ba,
amma na san kowane rami na Oshodi,
wuyana ya ƙirga su, bai tsallake ɗaya ba.

Yanzu in zan tsallaka titi
sai in juyo gaba ɗayana, kamar tsohuwar tirela.
In liman ya yi sallama,
dama da hagu sun yi mini nisa,
sai in kai ƙirji inda fuska ta kasa zuwa.
Wani yaro a sahun baya ya yi dariya.
Ban ji haushi ba. Wuyansa sabo ne.

Tasi'u ne kan tabarmata yanzu.
Hannunsa da sauri, tambarinsa bai zagaye ba tukuna.
Ina ce masa, kai, ɗaga kanka,
ko sau ɗaya tsakanin zare da zare.
Ya ce to, Malam.
Bai ɗaga ba.
Mai riga na zuwa jibi.

Jiragen Ikeja suna bi ta kanmu,
ƙasa-ƙasa, har kwanon rumfa na rawa.
Shekara talatin da huɗu ina jin su,
ban taɓa samun sukunin kallo ba.
Yau ga sukuni har ya yi yawa.
Da aka ɗauke ruwa da la'asar
na ga wani ya ratsa kududdufin ƙofar rumfa,
fari, da jan wutsiya,
kafin mai baro ya taka shi.