Ashirin da Ɗaya

A ɗakin bayan famasi aka ajiye ta,
tsakanin kwalayen safar hannu da firjin rigakafi.
Sabar ce, baƙa, fankarta na gurnani ƙasa-ƙasa.
Cikinta akwai sunayen majinyatanmu na Yelwa kaf,
har da yaron da ƙayar kifi ta maƙale wa bara.

Aibinta ɗaya, ba ta da mazauni.
Duk aka ɗauke wuta aka maido
sai rauta ta farka ta hau rabon lambobi
kamar mai rabon goro a wurin suna,
wanda ya riga miƙa hannu shi ke samu.
Jiya ɗari da huɗu. Yau ɗari da tara.
Kwamfutar Sista Ladi ta je ƙofar jiya ta yi sallama,
sai ta tarar da wayar wani ɗan dubiya.

"Sahabi, mi yaf faru kuma?"
Layi ya kai gindin darbejiya.

Na jira har aka yi isha'i, asibiti ya yi tsit.
Na ja benci, na buɗe baƙin allo.
Inda aka rubuta mata ta jira a ba ta,
na goge, na sa a'a.
Na rubuta da yatsa biyu, ina karantawa a fili:
ɗari da casa'in da biyu, ɗigo,
ɗari da sittin da takwas, ɗigo,
ɗaya, ɗigo,
ashirin.
Can ƙasa, inda hannun rauta ba ya kaiwa.
Na zana mata iyakar unguwa,
na nuna mata ƙofar fita gari,
na haɗa ta da tafintan da ke mai da suna lamba.
Tazara biyu a farkon layi, ba uku ba.
Fayil ɗin nan ba ya yafe ko da tazara ɗaya.

Kafin nan na ƙwanƙwasa ashirin sau huɗu.
Shiru.
Na ce kango ne.

Na tafi gida da sauro a kunne da daɗi a rai.

Ƙarfe takwas da kwata waya ta yi ƙara.
Fayil ya buɗe, ya rufe, ya buɗe rabi.
Sakamakon jinin wata tsohuwa daga Ngaski
ya tsaya a hanya, bai je ba, bai dawo ba.
Na bi kebul ɗaki-ɗaki, gumi har ƙugu,
sai ga firintar ɗakin gwaji,
wadda Bawa ke kashewa kullum in zai tashi.
Na ɗaga ta. A ƙarƙashi, filasta ta yi ja don tsufa,
da rubutun wanda ya riƙe aikin kafin ni:
ashirin.

Mutum biyu a gida ɗaya,
kowa na amsa sallamar ɗan'uwansa.

Babana masunci ne, ya sha faɗa mana a bakin ruwa:
turken da ka ishe ba kowa, kada ka ɗaure jirginka,
mai shi na kan ruwa, zai dawo.
Ni na ɗauka maganar jirgi ce kawai.

Na koma benci. Harafi ɗaya na canza.
Na sake ƙwanƙwasawa, wannan karon da rana,
kowa na gida.
Sannan na je da kaina na kashe wutar ginin,
na ƙirga goma, na kunna.
Ta tashi inda na bar ta.

Sista Ladi ba ta ce komai ba,
sai dai na ji ta kira mai bi.

Na yanko sabuwar filasta, na manna a goshin sabar,
na rubuta lambarta da biro, manya-manya.
Ƙasa da ita na fara sa lambar wayata,
sai na tsaya.
Layina na uku ke nan cikin shekara biyu,
kuma mai gidan haya ya ce in tashi ƙarshen wata.