Gaci

Ƙanwata Tasalla ta dawo daga makaranta
da zane a bayan littafi:
teku shuɗi, rairayi ya miƙe cikinsa
siriri, kamar harshen ƙadangare.
Malama ta ce a nemo sunansa da Hausa.

A Sharaɗa muke. Teku sai dai a kalandar
shagon mai gyaran rediyo.

Na ce tsibiri ne. Ta ce a'a,
tsibiri ruwa ne ya kewaye shi,
wannan kuwa yana riƙe da zanen ƙasa
kamar ɗan da ya ƙi yaye.

Sai muka jira Baba Sallau.
Shekara talatin yana lodin yashi a Challawa,
shebur ya cinye masa layukan tafin hannu.
Ya shigo bayan isha'i, ƙafafu furu-furu,
ya kai zanen kusa da fitila.

Ya ce, tsibiri dai ina jin daga tsibi ne,
yadda mai tumatir ke tsiba kaya a 'Yankaba,
ruwa ma haka yake kasa nasa.
Ban karanta ba, kunnena ne ya gaya mini.
Jigawa kuma aikin iska ce.
Wannan naki, ni gaci zan kira shi.

Gaci? in ji Tasalla. Na cimma gaci?
Wanda ake faɗa in an ci jarrabawa?

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ku a bushe kuka gaji kalmar, ya ce.
Shekarar da kogi ya tafi da Barau
ni ma ya ɗauke ni,
ina shan ruwa ina salati,
sai yatsan ƙafata ya taɓa rairayi.
Wannan taɓawar ita ce gaci.
Kafin ta zama ta masu digiri da 'yan kasuwa
ta mai nutsewa ce.

Ba wanda ya ce uffan.
Janareton maƙwabta ma ya mutu.

Tasalla ta rubuta gaci da fensir,
ta ƙara a ƙasa, harshen yashi,
ko Malama za ta fi son wannan.

Da safe na share inda ya zauna.
Rairayin Challawa, bai cika tafin hannu ba.
Na tsaya a tsakar gida da shi
na rasa inda zan zuba.