Minti Biyu a Gaban Kwamiti

An ce minti biyu gare ni. To.
Sunana Odessa Tolliver.
Shekara talatin da ɗaya ina kwasar kashin doki
a barga ta tara, filin sukuwa na Hollin Creek.
Ku yi haƙuri da warin rigata,
daga bakin aiki na hau bas.

Tun safe ina bencin baya ina saurarenku.
Lauyan kamfani ya ce filin nasu ne,
su suka jera injinan caca dubu biyu,
su suka shimfiɗa kafet, suka kunna fitilu masu kashe ido.
Wakilin jiha ya ce lasisi daga aljihun teburinsu ya fito,
makarantu na jiran kasonsu, gadoji sun yi tsatsa.
Masu dawaki suka miƙe:
in babu sukuwa, wa zai bar ku ku dasa inji ko ɗaya?
Bargo ɗaya, kowa na ja ya rufe ƙafarsa.
Awa biyar, ban ji sunan doki ba.

Bari ni in faɗa. Juniper.
Goɗiya ja, mai fari a goshi, mai son alewar na'ana'a.
Ta karye a kwana ta uku, wata Asabar cikin Maris,
inda ƙanƙara ta kwanta ƙarƙashin yashi,
don an ce kuɗin gyara sai baɗi.
Aka kafa koren labule kada 'yan kallo su gani.
Ina bayan labulen.
Ni na riƙe kanta har numfashin ya daina ɗumama min hannu.
Can a bene wani inji ya ɓarke da guɗa,
wani ya ci dala ɗari huɗu.

Efraín Tzoc yana kwana a ɗakin saman barga.
Bokitin da yake tare yoyo da shi cikin dare,
da shi yake wanke kofato da asuba.
Bai zo ba yau. Wani dole ya tsaya ya ba su ruwa.

Kuɗin nan da kuke yankawa da biro,
na san gidan da yake fitowa.
Wilma Kratz, katanga ɗaya ce tsakaninmu.
Uku ga wata fanshon marigayi mijinta ke shigowa,
sai ta shafa jan baki, ta ɗauki jakarta mai ruwan toka,
ta zauna gaban inji mai hoton ƙararrawa
har fitilun titi su mutu.
Ba ta taɓa ɗaga labule ta kalli doki ba.
Ashirin ga wata ni ke miƙa mata miya ta ƙofar baya,
ta ce min ta ƙoshi, ta karɓa.

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi,
yau ga gardawa uku na faɗa kan jaka.

Kuna tambaya wa zai riƙe makulli.
Ban sani ba.
Kamfani ya sayar da mu sau uku, har da tsintsiya.
Jiha kuwa, gwamna ya tafi, alkawari ya bi shi.
Masu dawaki, akwai ɗaya a layin gaba
da nake bi ladan mako biyu, ya san kansa.

Abin da na zo da shi ƙarami ne.
Duk wanda kuka ba,
ya zo ƙarfe huɗu na asuba, ba da direba ba,
ya taka kwana ta uku da takalminsa,
ya kwana ɗaya ƙarƙashin rufin Efraín ranar ruwa,
ya zauna kusa da Wilma, ya ga yadda hannunta ke rawa.
Kowa ya ci ladan kuturu
sai ya yi masa aski.

Na ga jar fitilarku ta kama.
Ba komai, dama bas ɗin ƙarfe biyar ba ya jira,
kuma akwai ɗan ingarma mai ciwon ciki a turke na shida
da ba ya yarda da hannun kowa sai nawa.