Saƙon Murya Daga Aboabo

Ni ban iya rubutu ba.
Gasarar koko ta cinye zanen babban yatsana,
har na'urar zaɓe sai da ta ƙi ni sau uku.
Amma Fusaini jikana ya nuna min wata 'yar alama a kusurwar waya:
"Kaka, danna nan, ki riƙe, ki faɗi abin da ke cin ki.
In kin saki, ya tafi."

Na danna, na riƙe.

Salamu alaikum, mutanen zauren unguwa.
Adiza ce mai koko, ta bayan shagon Isaka mai walda.
Kwalbatin ƙofarmu ya rufta tun azumi.
Ruwa ya ci katifa biyu, da buhun gero,
da takalmin makarantar yaro, ƙafar hagu.
Na dama yana nan, in da mai so.

Na saki.

Da can sai ka yi wanka, ka hau turoturo har ofishin majalisa,
ka ɗumama benci, a ce oga ya fita, komo Talata.
Yau ga oga a bakin zanena,
ɗaure tare da goro da canjin sidi biyar.

Alamu biyu suka yi shuɗi.
Fusaini ya ce, "Onarabul Mumuni ya ji."
Waya ta ce yana rubutu.
Na sauke tukunya, yana rubutu.
Na wanke ludayi, yana rubutu.
Sai ya daina.
Wani ya turo fure da barka da Juma'a,
wani ya turo tallan maganin basir.

Mame Sarwa maƙwabciyata, Hausarta ta kasuwa ce,
amma ta tsayar da tsintsiya a ramin, ta ɗauki hoto,
tsintsiya ta nutse har wuya.
Isaka ya riƙa ƙirga kwanaki kowace safiya
kamar mai jiran bashi:
yau sha ɗaya, yau sha biyu.

Ran ashirin Onarabul ya zo da farar shadda
da shebur sabo fil, takardar farashi na lilo a ƙotarsa.
Ya ɗebi laka sau ɗaya, aka ɗauka.
Da yamma shafin majalisa ya ce an gyara.
Fusaini ya karanta min sau biyu.
Na leƙa waje, ko ni ce ban gani ba.

Daren nan sama ta tsage a kan Kumasi.
Na tsaya a ɗaki, ruwa a idon sawu,
na danna, na riƙe,
ban ce komai ba.
Na bar ruwa ya yi magana:
yadda yake kaɗa kwano, yake buga ƙyaure,
yake tari a ƙarƙashin gado.

Kafin asuba wasu sun amsa da nasu ruwan.
Na Asawasi, na Sawaba, na gidan wata da ban taɓa gani ba,
jaririnta na kuka a baya.
Babu wanda ya turo fure.

Da hantsi wata yarinya ta zo daga majalisa,
Sharifatu, takalmin roba har gwiwa, ba mai hoto a bayanta.
Ta auna, ta rubuta, ta sha kokona ta biya.
Ta ce, "Mama, na goge an gyara, na sa ana jira."
Na ce, to, ko wannan ma gaskiya ce, mun gode.

Tifa ta juye yashi ranar Laraba.
Siminti dai shiru.
Awaki sun samu wurin kwana.

Na sani, waya ba ta ɗaukar shebur.
Abu guda ta ƙwace musu: "ba mu ji ba."

Isaka ya ce yau talatin da huɗu.
Fusaini, zo sa min data ta sidi biyu,
hadari na haɗowa ta gabas.