Ɗan Aiken Baranda

Gidanmu na Pantami dogo ne kamar zancen dillali.
Uwar na'ura tana falo, kusa da ƙofar shiga,
ɗakina kuma can ƙurya, bayan rijiya.
Abin da ya baro falo da ƙarfinsa,
kafin ya iso gadona ya kusa macewa.

Sai na sayo ɗan aike a kasuwa,
fari, kunnuwa biyu a tsaye kamar zomo.
Aka ce in soka shi a bangon baranda,
aikinsa ke nan, karɓa da miƙawa.

Sati biyu lafiya lau.
Suwaiba ta kira daga Alƙahira,
na ga har tabon da ke haɓarta,
da littattafan likitanci jibge a bayanta.
Daren Laraba tana cewa, "Baba, jarrabawar nan..."
sai bakinta ya tsaya a buɗe,
fuska ta daskare, da'ira ta hau juyawa.

Gwiwata ba ta son tafiyar dare, na haƙura.
Da safe na dogara na je,
ga idonsa kore shar, kamar bai san zancen ba.
Na kashe, na ƙirga talatin, na kunna.
Na ari allurar ɗinkin hula
na tsikari ramin gindinsa har ya manta sunansa,
na sake raɗa masa, ba rago, ba goro.
Na matsar da shi kusa da uwar, muryarsa ba ta kai ni ba.
Na jawo shi wajena, ya zo hannu rabbana.
Ashe ɗan aike a tsakiyar hanya yake tsayawa.

Na zargi firji. Na zargi tankin ruwa.
Na zargi bangon da na sa aka cika wa rodi
shekarar da nake da kuɗi.
Na zargi Alhaji Bappayo maƙwabcina,
wai tasa da tawa layi ɗaya suke turereniya.
Na koma layi na sha ɗaya daga na shida,
na rage masa fara'a kwana uku a masallaci,
Allah ya yafe mini, bai ma san ana yi ba.
Dare ya yi, aka sake tsinkewa.

Yila mai gyara ya zo a babur daga Tumfure,
ya sha ruwa, ya duba, ya sabunta masa ƙwaƙwalwa.
Ya ce, "Baba, wannan ya fi ni lafiya.
Ƙarfe nawa yake ɗaukewa?"
Tara da 'yan mintuna. "Kullum?" Kullum.
Ya ce, "Ciwon da ya san agogo, da hannu a ciki."
Ya karɓi dubu uku, ya bar ni da tunawa.

Na ja kujera cikin duhu, na daure wa gwiwa.
Tara ta gota. Sai ga takun silifa, ɗaya na jan ƙasa:
Goggo Nenne, da carbi da 'yar tocila.
Ta yi a'uziyya, ta kama kunnen zomo,
ta zare shi, ta kifa a kan taga.

"Goggo!"
"Na'am. Kai ne zaune kamar mai gadi?
Abin nan mai koren ido, tun da ka kawo shi
yake leƙen ɗakina ta ƙarƙashin ƙofa.
Ƙifta, ƙifta. Bai yi barci ba, bai bar wani ya yi ba.
Da asuba nake mayar maka, ba na mantawa."

Salatif baƙi na naira ɗari ya raba gardama.
Na liƙe masa ido. Yanzu ko kore ne ko ja,
sai dai in ji a muryar Suwaiba.
Tara na yi kuma silifar nan tana zuwa har ɗakina,
ta karɓe wayar, ta kara ta a hanci:
"Ke, kin ci tuwo kuwa a garin nan?"
Ni da na sayi zomon ina gefe,
ina jiran a gama gaisawa.