Kalma Uku a Bayan Kujera

Shekara talatin da ɗaya ina dako a tashar jiragen ruwan Valparaíso.
Duk tsakar rana, kan akwatin kifi da aka kife,
mukan buga karta da hannu mai ƙarnin teku.
A can ɗan kallo ma ɗan wasa ne:
ya leƙa, ya yi tsaki, ya ce kai, ba wannan ba,
a kwashe da dariya, a sake rabo.
Kartar da na sani ke nan.

Ta Maite daban ce.
Katinta ba ya tsufa, kunnensa ba ya lanƙwashewa,
yana zaune cikin gilashi da dodanni a fuskarsa,
abokin karawarta kuwa yana wani gari da dare ya riga ya yi.
Tun da safe ta gargaɗe ni:
Baba, yau wasan kusa da ƙarshe ne,
kyamara a kunne take, kada kowa ya shigo.
Na ce to.

Shayi na kai mata.
Na rantse shayi kawai na kai mata,
da guntun burodi a kan faranti mai tsaga.
Amma ido ba ya neman izini.
Kati biyu suka rage mata, agogo yana cin daƙiƙu,
sai tsohon ɗan dakon nan da ke kwance a ƙirjina
ya farka ya ce:
riƙe na hagu.

Ta riƙe na hagu.
Ta ci.
Ba ta yi ihu ba, ba ta juyo ba.
Wuyanta kawai na ga ya sandare.

Kwana biyu saƙo ya zo daga alƙaliyar gasa,
mace da ba mu taɓa ganin fuskarta ba.
Ta saurari muryata sau nawa, oho,
ta rubuta minti da daƙiƙar da na buɗe baki.
Taimako daga waje, in ji sashe na kaza.
An soke nasara.
An riƙe kuɗin da Maite ta riga ta raba a zuci:
rabi hayar ɗaki, rabi sabon rufin kwano kafin damina.
An dakatar da ita wata shida.

Daga waje!
Ni da na ɗauke ta a kafaɗa na hau matakala ɗari biyu na tudun nan,
yau ni ne waje.
Na so in yi faɗa, na rasa da wa.
Yaron can na ɗaya ɓangaren shi kaɗai ya zauna,
ba uba a bayan kujerarsa.
Garin gyaran gira na tsone ido.

Da dare na same ta a baranda tana kallon fitilun jirage.
Na ce ki yafe mini kuɗin.
Ta ce ba kuɗin ba ne, Baba.
Yatsana yana kan na hagu kafin ka yi magana.
Ina jin yana kai.
Yanzu ba mai sani,
har ni.

Tun ranar nake ajiye shayi a bakin ƙofa,
in ƙwanƙwasa sau ɗaya,
in sauka.